Wata Biyun da Na Haɗiye

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau. Ku da kuka saba bin labarina, ku yafe mini shirun kwana goman nan. Ku da kuka shigo yau kuma ku samu wuri ku zauna, ba sai kun koma baya ba.

Sunana Mu'mina, shekarata ashirin da shida. A unguwar Abbaganaram ta Maiduguri nake tare da kakata ta wajen uba, Kaka Bintu, tun ina da shekara huɗu, lokacin da iyayena suka rasu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar mai zuwa aka sa za a ɗaura aurena da Abdulnasir. Da yawanku kun cika mini waya da tambayar yadda amarya take ji. Gaskiyar magana, ba na jin komai. Ina cin abinci in an ba ni, ina amsa gaisuwa, in ana gwada mini lafaya aka ce juya sai in juya. Jiya Ya Rahmat maƙwabciyarmu ta ce ba ta taɓa ganin amarya mai natsuwa irina ba, na ce mata na gode.

Sai na fara ba ku labarin ƙashin Kaka, don shi ne ya riƙe auren nan shekara biyu.

Kaka turaren wuta da humra take haɗawa. Ta yi shekara hamsin tana sayarwa a Kasuwar Monday kafin ta dawo gida da sana'ar. Doguwar mace ce a da, irin waɗanda in sun naɗa lafaya sai an waiwaya. Haƙoranta jajaye ne saboda goro da furen taba, kuma har yau tana alfahari da su, tana cewa namu farare kamar na marasa lafiya. A ɗakinta akwai wani katako da take jera kwalaben turare a kai. Ina yarinya, hannu kawai take miƙawa ta ɗauko. Ban san ranar da ta fara cewa in miƙo mata ba. Na dai wayi gari na ga na fi ta tsawo, alhali ni na daɗe da daina girma.

Shekara biyu da suka wuce ta sunkuya za ta ɗaga tukunyar turare daga kan gawayi, sai ta tsaya a haka ta kasa miƙewa. Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna ƙasusuwa biyu na gadon bayanta sun lotse. Likitarta, Dakta Phebe, 'yar kudancin Borno ce mai magana a hankali. Ta ce ƙashin Kaka ya zaizaye ta ciki ya yi ramuka kamar soso, kuma hakan na yawan samun mata bayan al'ada ta ɗauke musu. Ta ce abin da ake gudu yanzu shi ne karayar ƙugu, don tsofaffi da yawa in ƙugunsu ya karye ba sa sake tashi. A bakin gadon asibitin nan na rantse, a gaban Baba Mikail ƙanin mahaifina, cewa ba zan bar gidan Kaka ba sai maganinta ya tsaya a kan abin da ba ya bukatata. A lokacin ban san abin da nake ɗora wa kaina ba.

Aka fara da ƙwaya, guda ɗaya duk mako. Ƙwayar ƙarama ce, amma dokokinta sun fi na makarantar kwana. Da safe za a sha kafin a ci komai, da ruwa zalla cike da kofi, ba shayi ba kunu. Bayan an sha kuma sai mutum ya yi rabin awa a miƙe, a zaune ko a tsaye, ba kwanciya ba sunkuyo, don in ta tsaya a hanya tana ƙona maƙogwaro. Duk Juma'a bayan ta idar da asuba sai in dasa ta a kujerar roba in sa agogon waya. Tana zaune tana jan carbi tana mita, wai ba ta taɓa jin maganin da ke hana mutum sujada ba sai a zamaninmu. Ni kuma ina gabanta kamar ɗan sanda. Haka muka yi shekara ɗaya da rabi.

Sai na tafi Damaturu na yi mako uku wajen wani horo na malaman makaranta. Na rubuta dokokin a takarda na liƙa a bango, na manta Kaka ba ta karatun boko. Ruwa zalla da sassafe yana tayar mata da zuciya, don haka ta riƙa kora ƙwayar da shayi mai madara, ta yi walaha da ruku'unta da sujadarta, ta miƙe a kan darduma. Da na dawo na tarar ko kunu ba ya wucewa sai da hawaye. Dakta Phebe ta tsayar da ƙwayar, ta ce sai maƙogwaron ya warke a sake lale.

Shi kuma Abdulnasir, kun san shi. Gidansu na Old Maiduguri, amma a Fatakwal yake aiki. Mutum ne mai haƙuri har yakan ba ni haushi. Sau biyu ana sa rana ina ɗagawa, sau biyun yana cewa ba komai. Mahaifiyarsa ce ta ce akwai komai. Ta aiko wa Baba Mikail cewa babu ɗagi na uku, kuma su a gidansu ba sa aure rabi: in an ɗaura Asabar, Lahadi amarya ta bi mijinta. Baba Mikail direban babbar mota ne, gidansa na unguwar Ajilari amma rabin wata a hanya yake yi. Ya zo ya zauna a kan tabarma ya yi mini faɗa a hankali. Ya ce ni ba likita ba ce, ba ni na halicci tsohuwa ba, kuma in na bari yaron nan ya kuɓuce zan tsufa ina sa wa mutane agogo. Na tambaye shi sunan maganin da aka tsayar. Ya ce maganin ƙashi mana.

Ranar Larabar da ta wuce muka koma asibiti don a yanke shawara. Kaka ta naɗa lafayarta mai ruwan toka, ta shafa humra har sai da mai Keke Napep ya tambaye ta ko tana sayarwa. Akwai wata al'ada tata da ya kamata ku sani. Tana jin Hausa sarai, da ita ta yi ciniki shekara hamsin, amma in an shiga gaban likita sai ta ce Hausa ta kasuwa ce, ita ciwonta da Kanuri take jin sa. Don haka kullum likita ta faɗa, ni in juya mata.

Dakta Phebe ta ja layi uku a takarda. Na farko, a koma wa ƙwayar, tunda maƙogwaron ya yi sauƙi, amma ita ba ta so, kuma in har za a koma sai da wanda zai tsare ta duk mako ba fashi. Na juya wa Kaka. Ta ce ta ƙoshi.

Na biyu, allura a ƙarƙashin fata duk wata shida. Ba ta taɓa maƙogwaro, kuma tana aiki sosai. Matsalarta ita ce ba a wasa da ranarta. In aka makara ko aka daina haka kawai, ƙashin yana iya zubewa da sauri fiye da da, har gadon baya ya sake karyewa. Ga shi a firji ake ajiye ta, kuma ba kullum ake samunta a gari ba. Na tuna Baba Mikail da ko ranar sunan 'ya'yansa sai an tuna masa. Na juya wa Kaka, ta taɓe baki.

Na uku, ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, da maganin a ciki. Ba ya kai awa guda. Wasu sukan yi zazzaɓi da ciwon jiki kwana biyu ko uku a karon farko, sai ya wuce. Yana bukatar ƙoda mai lafiya, kuma gwajin jinin Kaka ya nuna tata ƙalau take. In an yi shi, sai ƙwayar kalshiyam da bitamin da take sha dama, sai kuma baɗi.

Ban ɓoye muku komai a shafin nan ba, yau ma ba zan ɓoye ba. Tun kafin likita ta rufe baki na gama lissafi a zuciyata. A yi shi Litinin, zazzaɓi ya sauka Alhamis, Asabar a ɗaura, Lahadi in tafi ba tare da na karya rantsuwata ba. Ba ƙashin Kaka nake aunawa a lokacin ba, hanyar Fatakwal nake aunawa.

Sai likita ta ajiye biro ta ce saura abu ɗaya, haƙori. Ta ce irin waɗannan magungunan, musamman na ƙarin ruwa da na allura, in aka cire haƙori suna cikin jiki, ko aka sa su ramin bai warke ba, wani lokaci ƙashin muƙamuƙi yana ƙin warkewa, ya zama gyambon da ake shan wuya da shi. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ba a gangancinsa. In akwai haƙori mai ciwo, a fara zuwa wajen likitan haƙori a cire shi, a jira kamar wata biyu ramin ya rufe, sannan a yi ƙarin ruwan.

Ni na san akwai. Wata uku ke nan Kaka ta daina tauna goro, gurza shi take yi. Ta ɓangaren hagu kawai take ci. Na sha ganin tana cusa kanumfari a can ƙuryar dama in ta ɗauka ba na kallo.

Na juya mata maganar da Kanuri. Na ce likita ta ce in akwai haƙori mai ciwo sai an cire shi kafin a yi ƙarin ruwa. A nan na tsaya. Wata biyun ya zo har bakina na haɗiye shi. Ba wani shiri na yi ba, bakin ne kawai ya rufe.

Likita ta dubi Kaka ta tambaye ta kai tsaye, "Mama, akwai haƙorin da yake miki ciwo?"

Kaka ta amsa da Hausa, ba ta jira ni ba. "Babu."

Shekara ashirin da biyu ina tare da matar nan ban taɓa jin ta yi ƙarya ba. Mai saye zai ɗauki kwalba ta ce masa ya ajiye, wannan bai tsumu ba, ya dawo bayan sati. Likita ta juyo ta kalle ni, ni kuma na kalli takardar mai layi uku. Ta ce Kaka ta buɗe baki ta haska da fitilar waya, amma haƙoran duk jajaye ne, na can ciki kuma ba ya ganuwa da kyau. Ta ce ta so likitan haƙori ya duba, sai dai layinsa ya kai mako uku. Tunda mun ce babu ciwo, mu zo Litinin da safe, kafin a sa ruwan za ta sake tambaya.

Muka hau Keke muka juyo. Saƙon Abdulnasir ya shigo muna daidai kwanar gida: "Yaya aka yi, ranki ya daɗe?" Na rubuta masa cewa an zaɓi na shekara-shekara, Litinin za a yi. Ya turo Alhamdulillah har sau uku da hoton zuciya. Na kalli zuciyar na mayar da wayar jaka.

Daga ranar gidanmu ya koma gidan biki. Mata suna shiga suna fita, ana daka lalle, ana soya nakiya, an jera akwatuna a falo har sun tare taga. Kaka da kanta ta haɗa mini turaren da zan tafi da shi, kwalba goma sha biyu, ta ce kowane wata ɗaya, kafin su ƙare na zo ganin gida. Tana zaune tana ba da umarni, hannunta na dama a kan kumatu kamar mai tunani. Da daddare na ji tana juyi, da safe ta ce sauro ne. Ni ma na ce lallai sauro ya yi yawa bana.

Yau Lahadi da hantsi na tafi shagon Nkolika, telar da ke ɗinka mini kayan biki. Ta sa ni na gwada riga huɗu, tana cewa na rame, in ci abinci kafin Asabar kada ta sake rage ɗinki. Ta tambaye ni Mama fa, na ce tana lafiya. Na daɗe a can fiye da yadda ya kamata, don shagon akwai fanka kuma babu mai kallon idona.

Bayan azahar na dawo. A zaure na ci karo da Ya Rahmat tana fita da sauri. Matar da in ta kama ka da hira sai ka nemi ceto, yau wushe, wato sannu, kawai ta ce mini ta wuce tana gyara mayafi.

Tsakar gida ba kowa, mata sun tafi sai la'asar. Kaka na zaune a kujerar robar nan ta ranar Juma'a, a miƙe, kamar na sa mata agogo. Kumatunta na dama ya kumbura. Akwai auduga a bakinta, da ɗigon jini biyu a kan lafayar mai ruwan toka. Ta yafito ni da hannu, ta kwance bakin lafayarta ta ciro wani ƙullin leda ta sa mini a tafin hannu.

Haƙori ne. Ja ne ta sama, baƙi ta gefe, da saiwa biyu, ta ukun ta gutsure.

Da ƙyar maganarta take fita saboda audugar. Ta ce Ya Rahmat ce ta raka ta wajen wani mai cire haƙori a bayan kasuwa, wanda ya cire wa mijinta shekarun baya. Ta ce kwana huɗu ba ta ji daɗin sallarta ba, in ta ɗaga hannu sai ta tuna abin da ta faɗa wa 'yar mutane a asibiti.

"Gobe in ta sake tambayata ko akwai haƙori mai ciwo," in ji ta, "zan ce babu. Kuma gaskiya na faɗa."

Na tsaya da ledar a hannu. Na jira in ji tsoro ko kuka ya zo, babu wanda ya zo. Abin da na lura da shi kawai shi ne an bar murfin tulu a buɗe, na je na rufe na dawo. Sannan na durƙusa a gabanta na ce, da Kanuri, akwai sauran maganar likita da ban juya mata ba ranar Laraba.

Ta cire audugar ta duba, ta ninka ta, ta mayar.

"Wata biyun?"

Na gyaɗa kai.

"Feronyi," ta ce, haka take kirana tun ina ƙarama, wato 'yata. "Shekara hamsin ina ciniki da Hausa. Kina tsammani ban san wata biyu ba?"

Na ce in ta ji, to ta ji har da abin da zai iya samun muƙamuƙinta in aka sa ruwan gobe a kan ramin da aka buɗe yau. Na ce ga shi ma saiwa ɗaya ta rage a ciki. Ta ce ta ji, kuma ta ji likita ta ce ba kasafai ba. Ta ce ita ta auna nata kamar yadda na auna nawa. Muƙamuƙin tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, wanda ko goro ya daina taunawa, ba za a ajiye shi a gefe ɗaya a ajiye aurena a ɗaya gefen a ce sun yi daidai ba. Ta ce ta binne 'ya'ya uku, ba za ta zauna tana kallon jikarta tana bushewa a tsakar gida saboda ita ba.

"Ranar kin yi shiru, na ji daɗi," ta ce. "Na ce yarinyar nan ta fara son kanta. Gobe ma ki yi shirun. Abin da na roƙe ki ke nan."

Ashe duk kwanakin nan da nake ɗauka ni na cuce ta a ɓoye, tana sane, har tana sa mini albarka a kai. Wannan ya fi mini ciwo fiye da a ce ta zage ni, ko kuma in ce ya kamata ya fi, don har yanzu ban ji shi a jikina ba.

Na tashi na dafa ruwa na bar shi ya huce, na sa gishiri kaɗan na ajiye mata na gobe, na kawo mata sabuwar auduga da maganin ciwo. Na ɗauko wata lafayar na canza mata kafin mata su dawo su ga jini. Sannan na shiga ɗaki na ɗauko jakar da muke zuwa asibiti da ita, wadda katinta da takardun gwaji suke ciki. Na fito da ita tsakar gida, a gabanta, na buɗe, na sa ƙullin ledar a cikin katin na ninke.

Tana kallona. Ta juya kujerar a hankali, da ƙyar, har ta ba ni baya. Tunda nake ba ta taɓa ba ni baya ba.

Wayata ta yi ƙara. Abdulnasir ne, ya turo hoton tikitin jirgi guda biyu na ranar Lahadi, sunansa a ɗaya, sunana a ɗaya. A ƙasa ya rubuta: "Na zaɓa miki kujerar taga, tunda ba ki taɓa ganin Maiduguri daga sama ba."

Na daɗe ina kallon sunana. An rubuta shi daidai, har da ɗan waƙafin da kowa ke mantawa. Ina son mutumin nan, ku shaida na faɗa. Yatsana ya rubuta masa abin da ya faru a layi huɗu, haƙorin, da ramin, da wata biyun, da shirun da na yi ranar Laraba. A ƙarshe na ce, ka mayar da tikiti ɗaya.

Alama ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu ya tsaya, ya sake farawa ya sake tsayawa. Aka kira la'asar a masallacin layinmu. A zaure na fara jin muryoyin mata sun dawo, wata tana rera waƙar amarya tana tambayar ina aka ajiye turmin lalle.

Sai wayar ta fara ruri a hannuna. Ba lambarsa ba ce, ta mahaifiyarsa ce.

Kaka, ba tare da ta juyo ba, ta ce in ɗauka, ba a barin babba yana jira. Na ɗauka na yi sallama.